Ki Tafi da Ramarki, Takwara

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai.

Zuwa ga takwarata, uwar angona.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki gaisuwa mai yawa, da fatan wannan takarda ta same ki kin sauka Fatakwal lafiya, ke da ɗan mijin nan nawa da ya ƙi ni tun ranar suna don ya gane ba a wurina abinci yake ba. Allah Ya tsare muku hanya, Ya kiyaye ku daga sharrin ƙarfe da sharrin mutum, Ya sa ku shiga gidanku da ƙafar dama. Ki gai da mijinki Nura.

Da la'asar nake rubutun nan, kina ɗaki kina ninke kayan jariri, gobe za ku kama hanya. Zan cusa takardar a cikin jakar yaji, don na san nan za ki fara buɗewa, makwaɗaiciya. Za ki ce me ya sami Iya da rubutu, alhali ɗaki ɗaya muke kwana tun da kika zo wanka. To, laifinki ne. Duk sanda na buɗe baki zan yi miki maganar nan sai ki ce, "Iya kin fara," ki ja waya ki rufe fuska da ita. Ita takarda ba a ce mata ta fara. Uwarki kuma kin san ba za ta iya ba. Ke 'yar fari ce, ga shi sunana kika ci, ko kiranki ba ta yi, balle ta tsaya ta ƙare miki kallo ta faɗi abin da ta gani. Ni aka bar wa.

Ni nake miki wanka safe da yamma har kika yi arba'in, babu inda ban gani ba a jikinki. Kin ci kauri, kin sha kunu, kin ƙarar mana da zakarun gidan nan har wanda ya rage ya daina cara don kada ki tuna da shi. Amma zanin da kika zo da shi yanzu sai kin ƙara masa ninki kafin ya zauna. In kin ɗauki kofi ina jin cokali yana kaɗawa a ciki. Gashinki yana bin mataji. Kina zufa tun da sanyin safiya, ruwan wankan da wasu masu jego ke cewa a ƙara masa wuta ke kina kuka tun ganye bai taɓa ki ba. Ranar da nake shafa miki mai na ɗora hannu a ƙirjinki, na ji zuciyarki tana bugawa kamar injin ban ruwa. Kin zama mafaɗaciya, shekaranjiya har akuya kika yi wa tsawa don ta kalle ki. Sannan gindin wuyanki ya ɗan cika. Kaɗan ne, wani ba zai lura ba. Ni na lura, don na san wurin.

Tsoro nake ji, Takwara. Ba halina ba ne in faɗa, amma tsoro nake ji, domin duk abin nan da na lissafa na taɓa ganinsa a jiki ɗaya, kuma jikin nawa ne.

Bayan na haifi gwaggonki Asabe abin ya same ni. Lokacin ruwa bai daɗe da zuwa gonakinmu ba, mutanen Kura suna ta murnar alkama da tumatir a tsakiyar rani. Ina ci kamar ɗan ƙwadago ina bushewa kamar kara. Barci ya ƙaurace mini, hannu na rawa, idanuna suka firfito. Nan da nan mata suka gano ciwon. Wai aljanun da aka tasa wajen haƙa babbar magudana ne suka rasa matsuguni, suka ga na tsallaka ruwa da rana tsaka da jego, suka ce to ga ɗaki. Na yarda kuwa, har ina ɗan jin kaina, duk matan unguwa ni suka zaɓa. Kakanki Malam, Allah Ya jiƙansa, ya yi ta kawo rubutu, na sha hayaƙi har tufafina suka koma warin gasasshen kifi. Ya kai ni wurin wata tsohuwa a ƙauyen Maguzawa can bayan Bunkure. Ta riƙe hannuna, ta ce masa, "Malam, wannan ba iska ba ne. Ban san ko mene ne ba, amma ba iska ba ne." Muka dawo ina zaginta a hanya, wai ta raina mini ciwo.

A cikin kwanakin nan wata malamar asibiti ta zo awon jarirai. Ta auna Asabe, ta ɗago ta zuba wa idanuna ido, ta ce, "Ke fa, maman jaririya, lafiyarki kuwa?" Na zauna a kan hannuwana don kada ta ga suna rawa, na ce, "Lafiya lau." Ta sake tambaya. Na ce, "Lafiya ƙalau, Malama, sai godiya." Ta kwashe kayanta ta tafi.

Bayan nan ba da jimawa ba na kai wa Malam abinci gona. Na tsaya a bakin magudana zan gyara goyo, yatsuna suka ƙi riƙe bakin zani. Asabe ta sulale ta baya. Ranar an saki ruwa, magudana ta cika tana gudu. Ƙafarta ɗaya na cafe, kanta yana ƙasa, hularta ta faɗa ruwa ina kallo ta wuce. Har yau in na ji ƙarar ruwa a ƙarƙashin kwalbati sai in tuna da hular nan. Ke kuma an ce mini a bene kuke zaune, matakala doguwa, Nura yana kasuwar gwari tun asuba, babu uwa babu gwaggo, sai ke da yaro da hannu mai rawa. Ki tsaya nan ki sake karanta abin da na rubuta.

Saboda haka, "lafiya lau" gaisuwa ce, ki bar ta a bakin ƙofar likita tare da takalmi. In kin shiga ki faɗi komai, har wanda kike jin kunyar faɗa mini. Kuma kada ki bari matan gidan haya su raɗa wa ciwonki suna. Za su ce iska ne, za su ce shawara, za su ce kewar gida, wata ma za ta ce baki ne. Ki ce musu Allah Ya saka, ki wuce.

Nawa dai ya lafa da kansa bayan wasu watanni. Muka yanka zakara muka ce baƙi sun tashi. Ashe juyawa ya yi. A hankali, cikin shekaru, na koma wata mace daban. Jiki ya yi nauyi, fuska ta kumbura, ina jin sanyi a watan da kowa ke kwana a waje. Murya ta dishe kamar ta namiji. In ajiye ludayi in manta inda yake alhali yana hannuna. Ciki ya ƙi tafiya, gwiwa ta ƙi lanƙwasa. Ke kin taso kin same ni a haka, kina ce mini Iya sarkin barci.

Abin da na yi a shekarun nan shi ne, kowane ciwo na nema masa nasa magani. Na kumburi daban, na bayan gida daban, na mantuwa rubutu. In na je kemis a ɗebi jini, kullum maleriya da taifot. Na sha maganin taifot da zai ishi unguwa guda. Na gwiwa kuwa, wata mai tallan magani da ke zuwa wurin da muke turara shinkafa shanshera a duro ta ba ni wata 'yar farar ƙwaya. In na sha sai in ji kamar in ɗauki duro da hannu ɗaya. Na riƙe ta kamar goro, kullum tana ƙulle a bakin zanina.

Sai da wuyana ya fara fitowa babanki ya ce shi kam ya gaji, ya ɗauke ni zuwa Kano wurin wata likita da aka yaba masa. Ranar farko ba ta ba ni ko ƙwaya ɗaya ba. Ta ce in dawo da sassafe a ɗebi jini, kada in ci komai.

Yanzu ki ji wautar kakarki, ki yi dariya ki more. Ni a tunanina awon jini jarrabawa ce, ko a ci ko a faɗi. Ina mutuniyar da ake kawo wa 'ya'ya jego daga unguwanni, a ce an auna jinina an same shi ba kyau? Na shiga shiri. Na yi ta ɗirkar zoɓo don jinin ya yi ja. Na haɗa maltina da madara. 'Yar farar ƙwayar nan na ninka ta don in shiga da ƙarfina. Ranar tafiya kuma na ce ba a shiga birni da yunwa, na ɗumama tuwo na ci abina a bayan ɗaki babanki bai sani ba. Na sa atamfar Sallah, na rangaɗa kwalli, na miƙa hannu ina taƙama.

Da muka koma karɓar sakamako, likitar ta dubi takarda, ta dube ni, ta sake duban takarda. Ta ce, "Hajiya, takardar nan da matar da ke gabana ba su san juna ba. Ko dai takardar ta yi ƙarya, ko ke."

Na ce, "Ni ban iya ƙarya ba, Likita."

Babanki ya yi tari.

Ta ture takardar gefe, ta ja kujera kusa da ni, ta fara tambaya. Ban taɓa ganin tambaya irin wannan ba, ko ranar da aka zo neman auren Asabe ba a yi wa dangin mijin haka ba. Yaya barcina. Sau nawa nake zagayawa, kuma yaya yake fita. Yaushe al'ada ta ɗauke. Na zubar da jini da yawa a haihuwa ko kuwa. Akwai mai maƙoƙo a danginmu. Wane gishiri nake saya, na leda ko na awo, kuma ina nake ajiye shi. Da na ce a buɗaɗɗen kwano kusa da murhu, ta ce akwai abin da ake sa wa gishiri don wuya, zafi da iska suna cinye shi. A me muke zuba ruwan sha in za mu gona. Na ce a jarkar maganin feshi, amma mun wanke ta da toka. Ta rufe ido. Ba ta ce shi ne ya jawo mini ciwo ba, ta ce dai ba ta son ganinsa kusa da bakina. Ta tambayi yaushe Malam ya rasu, da wa nake hira tun daga lokacin. A nan na yi kuka, abin da ban shirya ba.

Sannan ta ce in ba ta labarin kowace haihuwa. Da na zo kan ta Asabe, da rama da rawar hannu da aljanun magudana, ta ajiye biro ta ce, "To, ga inda labarin ya fara."

Ga yadda ta bayyana mini, in na yi kuskure naki likitan ya gyara. Ta ce a cikin jini akwai wasu sinadarai da ake kira homon, 'yan aike ne. Akwai wata 'yar tsoka a gindin maƙogwaro da ke aika nata su gaya wa jiki ya yi sauri ko ya sassauta. Ita ma tana da mai ba ta umarni a cikin kai. Akwai na fargaba da ke fitowa daga saman ƙoda, akwai na nono, akwai na al'ada, kuma duk suna jin maganar juna. In ɗaya ya rikice sai ya ja sauran. Bayan haihuwa, tsokar wuyan wasu mata takan ɓalle da gudu, daga baya ta gaji ta kwanta. Ta wasu takan farfaɗo ta daidaita. Tawa ba ta tashi ba. Ta ce kuma abin yakan bi dangi.

Ni da ta gama sai na tuna da kakanki. In fangalin ƙarshen gona ya yi rawaya, samari sukan ruga su watsa taki, su yi feshi, su ƙara taki. Shi Malam sai ya tuɓe takalmi ya bi magudana yana hawa, yana dubawa, har ya iske inda ciyawar kacala ta toshe hanya ko inda wani na sama ya rufe ƙofar ruwa. Ni shekara da shekaru taki nake watsa wa kowane fangali, ƙofar tana nan a wuyana a rufe. Irin likitan da za ki nema ke nan, mai bin magudana. In kin shiga wurin wanda kafin ki zauna ya gama rubuta magani, ki karɓa da ladabi, ki fita ki nemi wani.

Daga ƙarshe ta ce, "Hajiya, me ke ƙulle a bakin zaninki? Tun ɗazu kike taɓa shi."

Na ce goro ne.

Ta ce, "Sam mini."

Haka na kwance. Da ta ga ƙwayar nan fuskarta ta sauya. Ta ce magani ne mai ƙarfi, likita kaɗai ya kamata ya ba da shi. Yana kwaikwayon ɗan aiken nan na saman ƙoda, har jiki ya ga an kawo daga waje ya daina yin nasa. Yana kuma rufe bakin mai ba da umarni na cikin kai, shi ya sa awona ya fito a birkice. Ta ce ita ce dai ƙwayar da 'yan mata ke sha don su yi ƙiba, kuma abin da take kawowa kumburi ne. Ta ja mini kunne, ta maimaita, ta sa babanki ya maimaita: kada in yanke ta lokaci ɗaya, za ta tsara mini yadda zan rage a hankali.

Kin san kakarki. Tun a mota na ce abin da ya kunyata ni gaban ɗana ba zai kwana a gidana ba. Muna isowa na watsa su a masai. Kwana kaɗan bayan haka ina tsaye a kan duro ina juya shanshera, wuta na ci, ruwa na tafasa, sai na ji ƙafafuna sun zama ba nawa ba. Ban san na faɗi ba. A asibiti na farka ana ƙara mini ruwa, aka ce saura ƙiris. Tabon nan na hannun damana, wanda nake ce muku kada ne ya cije ni a dam ɗin Tiga na ƙwace da kyar, bakin duro ne. Da na karkata ɗaya gefen, cikinsa zan faɗa. Labarin kada ya fi daɗi, shi ya sa na bar muku shi, amma yau ba daɗi nake nema ba.

Sai da jikina ya wanke daga ƙwayar aka sake awo, da safe, ciki wayam, ba zoɓo ba kwalli. Ba abu ɗaya ta auna ba, ta haɗa na wuya da na cikin kai da na ƙoda da ƙarfin jini, ta jera su tana karanta su tare. Bayan wasu makonni ta sake. Na ce, "Likita, jinin nan fa ba rijiya ba ne." Ta ce awo ɗaya kamar mutum ya leƙa magudana sau ɗaya ne ya ce ya san ruwan shekara, wasu 'yan aiken ma na safe daban na yamma daban. A nan aka samo ƙwayar da kike gani ina sha kullum kafin karin kumallo, aka sauya mini gishiri, aka jefar da jarka, aka ce in riƙa fita hira. Wannan na ƙarshen na fi bi sau da ƙafa. Cikin 'yan watanni na dawo mutum. Amma shekarun da na yi ina gyangyaɗi a tsakar gida, yarintarki duka tana wucewa ta gabana, babu wanda ya dawo mini da su.

To ga abin da nake so ki yi, kuma a makon da kika sauka, ba sai kin gama jera kwanuka ba. Ki sa Nura ya kai ki asibiti na gaske. Ki ce kin haihu kwanan nan, kina shayarwa, kakarki ta wajen uba tana da ciwon tsokar wuya. Ki faɗi wankan ruwan zafi da kunun kanwa, kada ki ɓoye don kare ni. Kin ga na rage miki kanwa har kina cewa na yi rowa, likitata ce ta ce tana wahalar da zuciyar mai jego. Don haka ki ce su duba zuciyar ma, kada a ɗora wa wuya komai. Ki tambaya, da safe za a ɗebi jinin ko yaushe, ki ci ko kada ki ci, kuma abin da aka ce shi za ki yi. Kada ki yi wa jini kwalliya. Ki zuba duk abin da kike sha da wanda kike shafawa a leda ki kai musu, har ƙwayar gashin nan da kika saya ta waya, don an ce ita ma tana rikita awo, har man da kike ce mini na laushin fata ne alhali ina ganin gwiwar hannunki ta fi fuskarki duhu. In takarda ta ce lafiya lau jikinki ya ce a'a, ki koma. In sun ce ki dawo a sake, ki dawo, ko da kin ji sauƙi. Ni ma na ji sauƙi, har zakara muka yanka.

Masu sayar da shayin gyaran homon da kike kallo a waya kuwa, masu farar riga da dogon Turanci, ki tambaye su ɗaya: sun ga jininki? Wanda bai tambaye ki barcinki ba, bai taɓa wuyanki ba, kuma maganinsa ɗaya ne ga mai rama da mai ƙiba, 'yar'uwar mai tallan nan tawa ce ta sayi waya.

In kuwa kin ji numfashi yana gagararki, ko ƙafa ta kumbura, ko zazzaɓi ya haɗu da bugun zuciyar nan, kada ki jira Nura ya dawo daga kasuwa. Ki miƙa yaron ga maƙwabciya ta riƙe, ki ce ta raka ki. Kada ki sauko matakala da shi a hannu.

Saura maganar da ta sa na ɗauki biro.

Ranar Talata ina kakkaɓe shimfiɗarki na ga ƙwayar a ƙarƙashin matashi. Fara, ƙarama. Ko a cikin buhun gero aka jefa ta zan tsamo ta. An ɓalle wasu daga katin. Na zauna a bakin gado riƙe da shi. Ban tambaye ki ba, don na san za ki ce na fara. Na aika aka kira Asabe, na ja ta bayan rumbu.

Na ce, "Ke kika kawo?"

Ta ce, "Ni ce, Iya. To ya kike so a yi? Kin ga yarinyar nan kuwa? Kamar an zare ta daga tsintsiya. Ta gidan surukarta za su bi a Garun Malam, dangin miji duk za su taru. A ce daga hannunki ta fito haka?"

Na ce, "Kin san ita ce ta kusa dafa ni a duro?"

Ta ce, "Ke ai kin daɗe kina sha. Wannan ta 'yan kwanaki ce, kumatu kawai za su ɗan fito a rufa asiri. Kowa yana yi. Sunanki nake karewa, Iya. Duk wadda kika yi wa jego sai an sake mata ɗinki, yau a kan jikarki za a ce hannunki ya mutu?"

Na ce, "Asabe, da ƙafa ɗaya na riƙe ki a bakin magudana. Wani lokaci ina tunanin ko kan ne ya ɗan taɓa ruwa."

Ta yi fushi ta tafi, har yau ba ta gaishe ni da kyau ba. Kada ki riƙe ta a zuciya, ƙauna ce ta sa ta, kuma ba ƙarya ta yi ba. Haka ake yi. Mai jego in za ta koma, kumatunta ake dubawa kafin a dubi jariri, da su ake auna gidan da ta fito. Ni kaina da wannan awon na yi suna, na kuma ji daɗinsa. Amma in aka cika miki fuska da kumburi, surukarki za ta yi guɗa, Nura zai ce kin warke, likita zai ga mace mai kumatu da takarda a birkice, ciwon kuma yana ciki yana cinki, babu mai nemansa. Ramar nan taki ita kaɗai ce take faɗin gaskiya a halin yanzu, ba zan bari a toshe mata baki ba.

Na mayar da katin inda na same shi, don ban san tun yaushe kike sha ba, kuma na ga abin da yankewa da ka take yi. Jiya na kira likitata ta wayar babanki. Ta ce in dai 'yan kwanaki ne da sauƙi, amma ki kai katin yadda yake, ki faɗi ranar da kika fara ba ragi, su za su ce miki ga yadda za ki bari. Kada ki sayi wani.

Kafin ki karanta wannan kin riga kin ga abin da na yi a Garun Malam, wataƙila ma har yanzu kina jin haushina. Na gaya wa babanki gobe da ni za a shiga mota, ni da ban raka mai jego ba tun da gwiwa ta fara. Zan zauna a tsakar gidan surukarki, in bari matan su gama kallonki, su gama taɓa juna da gwiwar hannu. Sannan in ce, "Ga 'yarku nan, a rame na dawo da ita. Ta ci, ba ta ƙi ci ba, ba ta da lafiya ne, irin ciwona ne nake zargi. Kada wanda ya ba ta jiƙo ko ƙwaya. Asibiti za ta." Zan faɗa a gaban Nura, in sa shi ya amsa da bakinsa a gaban uwarsa. Na san kafin mota ta kai Zariya labari ya dawo Kura, cewa tsohuwa ta tsufa, jego ya gagare ta, ta fake da ciwo. Ba za a sake kawo mini 'yar kowa ba. Na yi kwana biyu ina juya abin, ya yi mini zafi fiye da yadda na zata, na kuma haƙura.

Don haka ba ki da sauran abin ɓoyewa, Takwara. Kunyar da za ki ji na riga na ɗauke ta a gaban mutane, babu wanda zai ce ke kika tona. Abin da ya rage naki ne, ki je.

Allah Ya ba ki lafiya mai ɗorewa, Ya haɗa ki da likita mai haƙurin tambaya, Ya ƙarfafa hannunki a kan ɗanki. Allah Ya tsare hawanki da saukarki, Ya raya mini angona, Ya sa albarka a neman Nura. Ya sa in ji muryarki da alheri. Amin.

Ranar da aka ɗebi jinin ki kira wayar babanki ki ce a ba ni. In na ce yaya jiki, kada ki ce mini lafiya lau, ki faɗa mini abin da suka ce.

Wassalam.

Ni ce kakarki,
Iya Kulu, Kura.